A Bengu, Cefane Yana Son Lissafi

Garin Bengu yana cikin gundumar Gaya, a jihar Doso, can kudancin ƙasar Nijar, dab da iyakar Nijeriya. Yankin Gaya ya fi kowane yanki na ƙasa samun ruwan sama, gama a shekara mai kyau akan sami wajen milimita 800, alhali kuwa manoman arewa da yawa ba su ganin ko rabin wannan. Bayan haka ga fadamar Dallol Mawri, inda ruwa yake kusa, har mutum ya haƙa gajeruwar rijiya ya tarar da shi. Saboda haka manomin Bengu ba ya rataye hauyarsa don damana ta wuce. A tudu yana noma hatsi da dawa da masara da wake da gujiya, a fadama kuwa rake da dankali da rogo da shinkafa da kayan lambu. Ga giginya mai ba da muruci, ga gishirin Foga wanda matan yankin suke dafawa tun kaka da kakanni. Ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa, watau INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta yi shekaru tana gwajin irin dawa da na gujiya a tasharta ta Bengu.

Baƙon da ya iso garin a lokacin haƙar dankali, ya ga buhuna jibge bakin hanya ana loda su cikin kamiyo za a kai Yamai, zai ce yunwa ba ta san hanyar Bengu ba. Amma in ya komo a watan Yuli ko Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba, zai iske magidanta da yawa suna awo tiya ɗaya-ɗaya, waɗansu ma da bashi. Dalilan wannan hali suna da yawa. Akwai waɗanda suka fi ƙarfin talaka, kamar fari da ambaliya da rufe iyaka. Akwai kuma waɗanda suke cikin hannunsa, su ne yadda yake saida amfaninsa, da yadda yake cefane, da yadda yake ajiye abin da ya shigo gidansa.

Kasuwa uku, kuɗi iri biyu

Mutumin Bengu yana tsakanin manyan kasuwanni uku. Akwai ta Gaya, akwai ta Kamba a jihar Kebbi ta Nijeriya, akwai kuma ta Malanbil a ƙasar Benin, ƙetaren kogin Kwara, wadda gada ta haɗa da Gaya. Wannan zama yana da riba, domin abin da ya yi tsada nan yana iya yin sauƙi can. Yana kuma da haɗari, domin farashi a bakin iyaka ba ya zama wuri ɗaya, kuma shawarar da aka yanke a Yamai ko Abuja ko Kwatano takan iso cikin tukunyar uwargida kafin mako ya kewayo.

Dattawa ba su manta da ranar 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan kanti da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A tsakiyar 2023 ta janye tallafin man fetur, ta kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, darajarta ta faɗi ƙwarai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, kamiyoyi suka yi dogon layi a Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, an buɗe iyakar Nijeriya a Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe cikin shekarar 2024, mutane da kaya suna ƙetare kogi da jirgin ruwa, kuɗin fito kuma yana hawa kan kuɗin kaya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, gidan da yake dogara ga awon yau da kullum shi ne yake fara jin zafin kowace girgiza. Gidan da yake da hatsin wata uku a ajiye yana da lokacin da zai jira kasuwa ta lafa. Haka kuma wanda zai tafi Kamba cefane ya kamata ya san yadda 'yan canji suke ba da naira a wannan rana, ya haɗa da kuɗin mota da na dako, kafin ya ce kaya sun yi araha. Sau da yawa ribar da ake hange daga nesa hanya ce take cinye ta.

Asarar da ake yi tun daga kaka

Cefane mafi tsada shi ne wanda manomi yake yi na hatsin da shi kansa ya noma. Da kaka kowa yana da hatsi, kowa kuma yana bukatar kuɗi, ga bashin damana, ga haraji, ga kayan 'yan lekol, ga aure da suna. Kasuwa takan cika da buhuna, farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa su saye su kulle a magaza. In damana ta kewayo rumbu ya yi ƙasa, sai wannan manomi ya koma ya sayi hatsin nan da tsada.

A ɗauki misali don a ga girman abin. A ce magidanci ya saida buhu 5 da kaka, kowane ɗaya jikka 20, ya karɓi jikka 100. A watan Yuli ya koma sayen buhu 5 ɗin nan, kowane ɗaya jikka 30, ya biya jikka 150. Ya yi asarar jikka 50 ke nan, ba fari, ba fara, ba ɓarawo.

An nemo dubarun rage wannan asara. Tun bayan yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985 aka yi ta kafa bankunan cimaka a ƙauyuka, inda ake sayen hatsi da kaka a ajiye, a saida wa mutanen gari da rangwame in tsada ta zo. A ƙarshen shekarun 1990 wani shiri na hukumar abinci da aikin gona ta duniya, FAO, ya yaɗa wata dubara a Nijar: ƙungiyar manoma ta kulle amfaninta a magaza mai kwado biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi rance ya yi sana'ar rani, in ya biya bayan wata biyar ko shida a buɗe masa hatsinsa, ya ci ko ya saida lokacin da ya yi daraja. Ga mutumin Bengu mai fadama wannan hanya ta dace, tun da yake rake da dankali da kayan lambu suna iya biyan bashin. Ma'aikatar cimaka ta ƙasa, OPVN, wadda aka kafa a 1970, takan fitar da hatsi a saida da rahusa a shekarun wahala, amma rabon kowane gida kaɗan ne, bai kamata a shirya cin shekara bisa gare shi ba.

Kaye da bik

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da makamin da kakansa bai samu ba, watau iya rubuta lamba. Abu na farko da ya kamata ya shiga kaye shi ne yawan abin da gida yake ci. Tiyar hatsi tana kusan kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuwa yana ɗaukar wajen tiya 40. Gidan da ake fitar da tiya 2 kowace rana yana cin tiya 60 a wata, watau buhu ɗaya da rabi, a shekara kuma buhu 18. In magidanci ya sussuka dami ɗaya ya auna, ya san tiya nawa yake fitarwa, sai ya ƙirga dammunan da ke rumbu ya gane ko za su kai shi sabuwar kaka. Abin da ya haura wannan lissafi shi ne na sayarwa.

Abu na biyu shi ne ƙananan kuɗin da suke fita ba a ji. Dala biyar ta dunƙulen ɗanɗano, dala goma ta mai a leda, dala biyar ta sukari, ana aiken yaro butiki sau uku ko huɗu a yini. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Dala 20 da take zubewa kowace rana ba dalili, watau tamma 100, ta zama tamma 36.500 a shekara. Wannan ya kusa albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, wanda aka ƙayyade jikka 42 tun daga Janairu 2024. In aka rubuta kowane saye har tsawon wata ɗaya, ba a ɓoye kome ba, har da goro da shayi da kuɗin waya, mai gida da uwargida za su ga da idonsu inda kuɗinsu yake bi.

Wannan lissafi na mutum biyu ne. A gidaje da yawa namiji ne yake riƙe da kuɗi da makullin rumbu, mace kuwa ita ta san abin da ya rage a randa da abin da yara suke bari a akushi. In mai gida ya tafi kasuwa bai tambayi uwargida ba, yakan komo da albasa alhali akwai ta a rataye, ya manta da kanwa da ta ƙare tun shekaranjiya. Zama na ɗan lokaci kaɗan daren jajibirin kasuwa, a duba abin da ke akwai, a rubuta abin da babu, ya isa ya hana wannan.

Ma'aikacin gwamnati ma yana da nasa ciwon. Albashi yakan shigo ƙarshen wata, mako na farko a ci nama kullum, mako na uku a koma ga kayen bashi na mai butiki. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai saye da bashi ba ya iya taya kaya, ba ya kuma iya ƙetarewa zuwa ga mai araha. Gara ranar da albashi ya fito a fara cire kuɗin hatsi da shinkafa da mai da sabulu na wata, sa'an nan a raba kuɗin miya kashi huɗu, kowane mako da nasa.

Ranar kasuwa

Kayan cefane iri biyu ne. Akwai masu jure ajiya: hatsi, dawa, masara, wake, gishiri, kanwa, kalwa, busasshen tonka, kuka, busasshiyar kuɓewa. Waɗannan a saye su da yawa lokacin da suka yi sauƙi. In buhun hatsi yana jikka 24, kowace tiya a cikinsa ta tsaya dala 120. In ma'auni yana saida tiya dala 140, wanda ya sayi tiya 40 ɗaya-ɗaya ya biya jikka 28, ya ƙara jikka 4 a kan kowane buhu. Akwai kuma marasa jure ajiya: ɗanyen tumatir, ganye, kifi, nama, nono. Waɗannan a sayi daidai abin da za a dafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kwandon tumatir da aka saya da yamma don mai shi ya karyar da kuɗi, rabinsa ya ruɓe kafin jibi, shi ne abin da ake nufi da araha ba ta ado.

Talakan da yake samun kuɗinsa kullum-kullum zai ce ina ya ga kuɗin buhu. Gaskiyarsa, amma gida huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba tiya goma-goma, haka kuma jarkar mai da katon ɗin sabulu. Mata sun riga maza gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kowane mako cikin asusu, su ba junansu rance, da yawa daga cikinsu kuma sukan sayi hatsi da kaka su ajiye.

Mai cefane ya kamata ya kewaya kasuwa ya ji farashi kafin ya fitar da kuɗi. Ya dubi tiyar ma'auni ko an bubbuge gindinta. Ya tura hannu cikin buhu har ƙasa, domin a kan sa mai kyau a bisa. Ya duba kwanan wata a jikin gwangwani da leda. Ma'aikatar SIMA tana tattara farashin kayan gona a kasuwannin ƙasa tana bayyanawa, ga kuma wayar hannu da mutum zai kira ɗan'uwansa a Gaya ya ji yadda kasuwa ta kwana. Abin da ake nomawa a gida shi ya fi cancanta ya cika tukunya. Dankali da rogo da wake da zogala na Bengu ba su biyan kuɗin duwan, ba su jiran a buɗe gada, kuma wake da gujiya suna gina jikin yaro yadda taliyar kanti ba za ta yi ba.

Ajiya

Abin da aka saya da lissafi yana iya salwanta a ɗaki. Ƙwarin wake suna iya mai da buhu guda gari cikin 'yan watanni. Mutanen da suna cakuɗa wake da toka ko rairayi. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a Nijar, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da masu bincike na Afirka, har da na INRAN. Buhu ne mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka zuba, aka matse iska aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin sukan mutu don rashin iska, ba tare da an zuba maganin ƙwari cikin abin da za a ci ba. Sharaɗinsa kada ledar ta huje, kuma a ɗora buhun bisa katako, nesa da bango da ɓera.

Dankali da rogo ba su son rauni. Wanda hauya ta sara a fara cinsa, kada a haɗa shi da lafiyayye. Rogo ba ya kwana da yawa bayan an tone shi, saboda haka a tone daidai bukata, ko a fere a yanka a shanya. Lokacin da tumatir ya cika kasuwa da rani, a yanka shi a shanya bisa tabarma mai tsabta, ya zama kauɗa ta miyar damana. Haka ake yi da kuɓewa da tattasai da ganyen zogala da na yakuwa, ganyen albasa kuma a kirɓa a yi gabu. Albasa tana son inuwa da iska.

Ga wanda ba shi da firigo akwai dubarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malamin makaranta na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Ruwan da yake bushewa shi yake janye zafi, kayan miya su ƙara kwanaki. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Daga tukunya zuwa akushi

A 2011 FAO ta ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta ko a zubar da shi, wajen tan miliyan 1.300 a shekara. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da fiye da tan miliyan 1.000, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, kuma ba ƙasashen masu arziki kaɗai suke yin haka ba. Tun 2020 ake tunawa da wannan matsala kowace ranar 29 ga Satumba.

Gidan Bahaushe na gargajiya bai san zubar da abinci ba. Tuwon dare yana zama ɗumamen safe. Ƙanzon gindin tukunya ana shanya shi a ajiye, ranar bukata a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Dusa da ƙasari na akuya ne da tunkiya, ɓawon dankali da na rogo haka nan bayan an shanya. Inda ɓarna ta fi shigowa yau shi ne wurin biki, sa'ad da ake dafa shinkafa don a ce wane ya yi, a wayi gari ta yi tsami cikin robobi. Mai biki ya ƙiyasta baƙinsa, abin da ya rage kuma a raba shi tun da zafinsa.

Akwai iyaka ga tsimi. Gujiya ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai lahani ga hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Irin wannan zubarwa ake yi, ko dabba kada a ba. Miyar da ta kwana sai an tafasa ta sosai kafin a ci. Kuma kada a rage wa yaro da mai ciki da mai goyo wake da kifi da ganye da sunan tattali, domin kuɗin da aka tsimi a kasuwa za a biya shi ninki a asibiti. Rabon baƙo da maƙwabci da almajiri shi ma a sa shi cikin awo tun farko. Addini ya hana almubazzaranci, ya kuma hana rowa.

Hakkin masu riƙe da al'umma

Ma'aikatan hukuma suna da nasu rabo cikin wannan aiki. Malamin gona ya nuna yadda ake ɗaure buhu da yadda ake shanya kayan lambu a gaban jama'a, ranar kasuwa. Malamin yaƙi da jahilci ya ɗauki lissafin tiya da dala ya zama darasin ƙidaya. Hukumar gari da sarakuna su sa ido kan ma'auni, su kuma tabbata kwamitin bankin cimaka yana karanta wa mutane lissafinsa a fili, gama bankuna da yawa a ƙasa sun mutu ne saboda bashin da ba a biya ba da kayen da ba a rubuta ba.

Sauran aiki yana ga magidanci da iyalinsa. Lokacin fara shi kuwa shi ne kaka, sa'ad da dammuna suke shiga rumbu, tun kafin a kai buhu na farko kasuwa. Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa abin da aka noma ya kai kowane gida sabuwar kaka.